Sabulun Jariri Mai Lambar Soja

Wallahi ko Alƙur'ani na dafa muku ba za ku yarda ba! Ni Illa mai facin keke, wanda duk Matameye ta san ba a taɓa ƙure shi ba, a ce sabulu ne ya kayar da ni. Sabulun wankan jariri fa!

Abin ya faro ne a tsakar gidan surukina, Baba Tanko tsohon soja, inda matata Baiwa ta je wankan gida bayan ta haifa mana ɗanmu na fari, Rabi'u. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, don haka ƙanwar Baba, Goggo Habsatu, ta taso takanas daga Damagaram don ta yi mata wankan jego. Goggo kuwa ba ta taɓa yafe mini auren Baiwa ba. Ita ta so a ba wani ma'aikacin gwamnati mai babur, yarinya ta ce sai dai ɗan facin nan da aka kora daga lakwal, makarantar boko, don ya saka wa Mushe, malaminsu, kwaɗo a aljihu. Ba korata aka yi ba, ni na gaji da su.

Bana kun san yadda shekara take. Gero bai yi ba, sai jar dawar taimako da sojoji ke rabawa a layi. An rufe iyakar Najeriya, ba cin rani ba kayan Kano. Rijiyoyi sun ja baya har sai an ƙulla igiya a kan igiya. A cikin wannan hali na je gaisuwa, na durƙusa daga bakin ƙofa, na ajiye abin da unguwar zomar gidan likita, wadda muke ce wa sajfam, ta ce in saya: farin sabulu marar ƙanshi da curin man kaɗanya.

Goggo ta ɗaga sabulun da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Mene ne wannan?"

"Na wankan yaro ne, Goggo."

"Na wankin tsumma dai! Jikan yayana za a cuɗa da wannan? Tir!"

Ta jawo akwatinta ta fito da wani sabulu ja-ja a kwali mai ƙyalli, ƙanshinsa kamar an shigo da amarya, ga kwalbar ruwan kumfa, ga hoda. A jikin kwalin an jera lambobin zinariya har uku.

"Karanta! Ai an ce ka taɓa leƙa lakwal."

Na karanta, don faransancina bai mutu ba. Na ce, "Goggo, a wani baje kolin kaya aka ba su lambar, can Turai, tun kafin a haifi Baba. Ba su ce don jarirai ba ne. Irin lambar nan ma akwai ta a gwangwanin kifin da nake zuba ƙusoshi a ciki."

"Ka ji ɗan banza! Turawa sun zauna sun ba abu zinariya, kai mai hura taya ka fi su sani? Fita mini!"

Na fita. Baiwa tana bakin ɗaki, kanta a sunkuye.

To ga inda matsalar take. Wankan jego shi kaɗai yana cin babbar tukunya safe da yamma, ruwan kuwa da ƙyar gidan ke samun garwa biyu. Abin da ya rage wa jariri bai wuce ƙwarya guda ba. Sabulun Goggo kuma sarkin kumfa ne, ka goga kaɗan ya cika daro, ƙwarya guda ba ta ɗauraye shi. Santsin ya maƙale a wuyan yaro, da hammata, da matsematsi, Goggo ta bi ta barbaɗa hoda a kai. Kafin a yi mako biyu da suna fatar Rabi'u ta yi jawur, ƙuraje sun feso, yaro ya kama kuka ba ji ba gani.

Goggo ta samu abin da take nema. Ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Jinin dangin ubansa ne! Mu ba mu gaji ƙazuwa ba. Da an yi arba'in zan tafi da su Damagaram, can akwai famfo. Ta zauna wajena har a yaye shi!"

Har a yaye shi! Shekara biyu ke nan fa, ga mai babur can a Damagaram har yanzu bai yi aure ba. Baba Tanko kuwa ya ce shi ba ya shiga maganar wankan mata.

Ranar da labarin ya iso mini na bari sai bayan azahar, lokacin da Goggo ke sheƙa barci, na zagaya bayan darni na yi fito irin wanda nake yi wa Baiwa tun muna zance. Ta zo ta tsaya daga ciki, ina ganin idonta ta tsakanin karare, sun kumbura.

"Ke kin san sabulun nan ne," na ce. "Me ya sa ba za ki faɗa mata ba?"

"In faɗa da wane bakin? Ɗan fari ne fa! Ko sunansa ban isa in kama a gabansu ba. In yana kuka sai in kau da kai kamar ba ni na haife shi ba, sai Goggo ta ce 'ungo' sannan in karɓa. Ran nan na ce ko a rage hodar, ta tara mini mata wai 'yan zamani ba su da kunya, tun ba a yi arba'in ba na fara rawar kai a kan ɗa." Ta matso jikin darnin. "Jiya da na cire masa riga, har da fata ta biyo…"



"Ba na son zuwa Damagaram," ta ce. "Gidanka nake so, ko da jar dawa za mu ci har mu mutu. Amma ba zan yi wa Goggo rashin kunya ba, ita ta goye ni da Inna ta rasu. Kai da kake cika bakin kai ne sarkin dabara, ina dabarar?"

"Dakor, na ji na yarda," na ce. "Ki yi haƙuri, ki zuba ido."

Na faɗa ne kawai, ba ni da komai a kai. Sai Allah ya kawo mini dabarar har rumfar facina. Bikin da tsofaffin sojoji ke jeruwa gaban sufurefe, shugaban gundumarmu, ya matso, Baba Tanko ya aiko mini da lambarsa ta yaƙin Faransa in goge masa ita da man da nake goge ƙarfen keke. Ina juya ta a hannu: ga kan wata Baturiya da hular ƙarfe, ga ganye kewaye, ga wani ɗan tsagi a gefe. Na dubi lambar, na dubi farin sabuluna da aka kora. Sai na ji dariya ta taso mini tun daga cibiya.

Na yanka sabulun gida biyu, na kankare gefuna da reza har suka yi sumul, na ɗora a kan kwanon rumfa rana ta tausasa su. Sannan na kifa lambar a kai na matse da matsin da nake gyaran sarƙa. Jama'a, in kun ga yadda Baturiyar nan ta fito raɗau! Na naɗe su a takardar ƙyalli ta cikin kwalin shayi, na sa riga mai tsabta na nufi gidan.

"Goggo," na ce ƙasa-ƙasa, ina waige-waige, "na gane kuskurena. Ga kado, kyauta ce na kawo. Ta daji na bi na tsallaka iyaka na samo shi. Wannan shi ake yi wa 'ya'yan gwamnoni wanka da shi. Naki a kwali aka buga lambar, wannan kuwa a jikinsa take."

Ta shafa kan Baturiyar da yatsa, ta shanshana. "Ba ƙanshi."

"Ai na manya ba ya ƙanshi. Kuma yana da ƙa'ida: sau ɗaya ake shafa shi a tafin hannu, a ɗauraye tas, a tsane jiki da tsumma mai laushi har cikin wuya. Ba ya shiri da hoda, ba ya shiri da wani sabulu. Man kaɗanya kaɗai yake yarda da shi."

Duk maganar sajfam ce, na ɗora wa gwamnoni. Goggo ta bi ta sau da ƙafa, abin da ba za ta taɓa yi ba da ta san daga ina ta fito. Ɗaya ta sa a wanka, ɗayan ta adana a cikin kwalla don nuna wa baƙi.

Kafin wata Juma'a ƙuraje suka bushe, wuyan Rabi'u ya yi luwai, yaro ya koma barci. Kuna tsammani an gode mini? Ina! "Kun gani ko?" in ji Goggo. "Abin da nake faɗa ke nan, lamba ita ce magana! A Damagaram irin wannan ba ya yankewa, dole dai in tafi da su." Haba! Na yi aikin, Baturiya ta kwashe ladan, kuma har yanzu za a tafi mini da mata!

Bai tsaya nan ba. Ta bi gida-gida tana shelar surukinsu yana ratsa iyaka kamar iska. Mata suka yi mini caa a rumfa, kowa na son na gwamnoni. Ran kasuwa wani jandarma ya kawo kekensa da lafiyayyar taya, ya zauna yana tambayata wace hanya ce ta fi sauƙi zuwa Daura. Gumi ya wanke ni. Kafin la'asar magana ta kai kunnen Baba Tanko, mutumin da ko tutar ƙasa ya hango sai ya ƙame. Ya aiko in zo.

Na same shi a tsakar gida kan kujerarsa, Goggo a tsaye, Baiwa a bakin ɗaki, jariri kwance a tabarma.

"An ce ka zama ɗan fasa-ƙwauri."

Kafin in buɗe baki Goggo ta shiga. "Yaya, don jikanka ya yi! Dubi abin da ya samo." Ta miƙa masa na cikin kwallar.

Baba ya kai shi kusa da ido. Ya daɗe yana kallo. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da lambarsa da na maido masa tana walƙiya, ya sa farce cikin ganyen da ke kewaye, ya ƙwaƙulo wani farin abu. Sannan ya kifa ta a kan sabulun. Ta zauna daram, har ɗan tsagin nan na gefe.

"Illa."

"Na'am, Baba."

"Wane gwamna ne?"

Na dubi ƙofa, ta yi mini nisa.

Goggo ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Sabulun tsumman nan ne? Ni ka mayar abar dariya a gari? Yaya, ka ga irin wanda ka ba 'yarka! Gobe-goben nan za mu tafi, ba sai arba'in ba! Baiwa, tashi ki ɗauko mini sabuluna na kwali!"

Baiwa ta tashi. Amma ba akwati ta nufa ba. A gaban ubanta, a gaban Goggo, ta sunkuya ta ɗauki ɗanta na fari ba tare da an ce mata ungo ba, ta durƙusa ta ɗaga haɓarsa. Hawaye na zuba.

"Goggo, ki yafe mini, yau zan yi rashin kunya. Dubi wuyansa. Ke kika yi masa wankan da ya warke, da hannunki. Ki doke ni in kina so, amma don Allah kada a sake shafa wa Rabi'u wancan."

Ta kama sunan!   Goggo ta kai yatsa ta shafa wuyan yaron, ta daɗe ba ta janye ba.

Baba ya juya lambarsa a tafin hannu. "Habsatu, kin san abin da na yi aka ba ni wannan? Ranar da aka gwabza ina kwance zazzaɓi ya kayar da ni. Da aka zo rabo, duk wanda ke tsaye a layi aka maƙala masa. Waɗanda suka yi aikin ba su dawo sun shiga layin ba. Ina sa ta ne don in tuna da su. In kin ga lamba, ki tambaya wa ya bayar, yaushe, kuma a kan me. Ta jikin kwalinki ba ta san rijiyarmu ta ƙafe ba."

Goggo ta share ido da bakin mayafi. "Ni dai so na yi jikan Yaya ya samu abin da ya fi na kowa."

"Ya samu," in ji Baba. "Ran arba'in Baiwa ɗakin mijinta za ta koma."

Wani sanyi ya ratsa ni, har na fara murmushin nasara. Sai ya juyo.

"Kai kuma, da ka yi wa babbar mace ƙarya, ka buga sabulu da lambata. Tunda ruwa ne ya yi ƙaranci, daga yau har arba'in kai za ka jawo na wankan uwa da na ɗa. Da kanka, ba aike. Goggonka ce za ta ce ya isa."

"Baba, ai layin rijiyar duk mata ne!"

"Ai sun san ka. Ba su ke neman na gwamnoni ba?"

To, masu karatu, ga abin da za ku riƙe. Kayan wankan jariri fatarsa ake tambaya, da ruwan da ke cikin tulunku, ba zinariyar da aka zana a kwali ba. Haƙurin Baiwa da gaskiyar da ta faɗa cikin ladabi su suka maido ta ɗakina. Dabarata kuwa jan guga da dakon garwa ta jawo mini. Yanzu da na doso rijiya mata ke haɗa baki: "A ba Gwamna hanya!" Kafaɗata duk ta saɓule, in na koma gida man kaɗanyar Rabi'u nake roƙo. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, duk ƙasar Matameye babu mai jan guga kamata…

"Illa! Kai Illa! Tukunya ta ƙafe kana zaune kana zane-zane?"

Ga Goggo nan a bakin rumfa da garwa biyu. Ta ce har yanzu bai isa ba.