Kyanwoyin da Suka Shiga Kwamfutar Mama

Kullum idan Auta ta dawo daga makaranta, ita take buɗe ƙofa da kanta. Baba yana aiki a wani gari. Yaya ya tafi jami'a. Mama kuwa sai yamma lis take dawowa daga ofis. Gidan shiru, sai ƙarar famfon kicin da yake ɗiga.

Ko Mama ta dawo, ba hira. Takan zauna gaban kwamfutar da ke kan tebur a falo, tana buga littafin da wani tsohon malami ya rubuta da hannu. Ta yi masa alkawarin gamawa ran Asabar.

"Mama, yau a aji..."

"Bari in ƙarasa shafin nan, Auta."

Shafin nan kuwa ba ya ƙarewa.

Wata rana kaɗaici ya ishi Auta. Ta kunna kwamfutar, alhali an hana ta taɓawa sai da izini. Sai ga talla ya fito, da hoton wata 'yar kyanwa. An rubuta, "Kina son ƙawa?" Auta ba ta yi wata-wata ba, ta danna.

Kyanwar ta shiga yawo a kan allo, tana wasa da jela. Auta ta riƙa ba ta labarin makaranta. Kullum kuma sai a tambaye ta ko tana son ƙarin wata. Mai jin kewa ina zai ce a'a? Kan ka ce kwabo, allo ya cika da kyanwoyi.

Da ta ji takun Mama, sai ta danna wurin ɓoye su. A zatonta, abin da ba a gani ya yi barci. Ashe suna nan suna ta tsalle a ɓoye.

Kwamfuta ta fara rigima. Fankarta tana ƙugi kamar injin niƙa. In Mama ta buga kalma, ba abin da zai fito. Can sai haruffa su zubo gaba ɗaya, wasu biyu-biyu, wasu babu.

"Auta, kin taɓa kwamfutar nan?"

"A'a, Mama," in ji Auta, idonta a ƙasa.

Mama ta kakkaɓe madannan rubutun. Ta aro wasu a maƙwabta. Duk kanwar ja ce. Ran Juma'a da yamma ta dafe kai ta ce, "Gobe me zan gaya wa bawan Allahn nan? Ya yarda da ni."



Mama ta kira Yaya a waya, ta buɗe lasifikar wayar. Ya kwatanta mata yadda za ta buɗe wurin da ake ganin duk abin da kwamfuta take yi.

"Mama, duba furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Yaya take?"

"Ta sauko, ta sake cika maƙil. Ta ƙi zama wuri ɗaya."

"To, akwai abin da yake shanye mata ƙarfi. Shi ya sa ba ta samun sukunin karɓar rubutunki. Me aka rubuta a can sama?"

Mama ta gyara tabarau. "Wai... kyanwa? Ikon Allah! Mu da ko ɓera ba mu da shi?"

Sai Auta ta fashe da kuka.

"Ni ce, Mama. Ni na sa su. Ƙarya na yi miki."

"Don me, Auta?"

"Ba ni da wanda zan yi wa magana. Su suna saurarona."

Mama ta cire tabarau ta ajiye. Ta jawo Auta ta rungume ta.

"Kin yi laifi, ni ma na yi. Amma da hannunki za ki cire su."

Yaya ya faɗi inda za a danna. Auta ta goge su ɗaya bayan ɗaya, tana share hawaye. Fanka ta yi shiru. Mama ta gwada rubutu, haruffa suka fito tsaf.

Sai dai shafuka da yawa sun rage.

"Jawo kujera," in ji Mama. "Ke ki karanta mini, ni in buga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Auta ta karanta, Mama ta buga. Rubutun malamin kamar kaza ta yi tono, suka yi ta dariya. Washegari kafin azahar littafi ya kammala, malamin ya karɓa yana ta sa albarka.

A hanyar gida Mama ta riƙe hannun Auta ta ce, "Kada ki ƙara sa wani abu a kwamfuta ba da izini ba. Idan kin yi kuskure, ki faɗa da wuri. Idan kuma kewa ta dame ki, ni za ki gaya wa."

"To, Mama. Akwai wani littafin da za mu buga?"

"Akwai. Kuma ba zan fara ba sai kina kusa da ni."