Kumfa a Gindin Wutsiya

Da safiyar Litinin Baba Sabit ya buɗe rumfarsa a garin Balkhash ya tarar babu ƙarfen zubinsa. Kwaɗo lafiya lau. Ƙarfen kuwa da hannunsa ya sassaƙa shi shekara ashirin da suka wuce, a ciki yake zuba narkakkiyar roba ta fito ɗan kifin da masunta ke maƙala wa ƙugiya. Yanzu hannun rawa yake yi, ba zai iya sassaƙa wani ba.

"Surukina Dauren ne!" ya ce wa Sufeto Raushan. "Jiya muka yi cacar baki. Rubuta, 'yata, in sa hannu."

Raushan ta san in takardar ƙarar ta shiga, aikin Dauren na gadin tafki ya tafi ke nan.

"Wa ya san inda kake ɓoye makulli, Baba?"

"Shi, da maƙwabcina Viktor, sai aminina Temirkhan. Wannan kam cire shi, kullum ƙarfe goma yana nan muna shan shayi."

Ta roƙi kwana uku, ya ba ta da ƙyar.

Ran Laraba sai ga kifayen roba samfurin Sabit a kasuwa. Mai sayar da su ya ce a ƙofarsa ya tsince su cikin jaka, da takardar a gwada sayarwa. Raushan ta ɗaga ɗaya a rana. Kumfar iska guda a gindin wutsiya. Ta ɗaga na biyu, haka. Ta ja wutsiyar, ta tsinke.

Ta tara su huɗu a rumfar, tana sane da cewa in hasashenta ya kuskure ta gama da Dauren.

"Viktor, me ke kawo wannan?"

Ya murza kifin ya taɓe baki. "Ƙarfe mai sanyi. Roba ta daskare tun iska ba ta fita ba. Wane ɗan koyo ne ya yi wannan aika-aika?"

"Kai fa, Dauren?"

"Ba a gasa ƙarfen ba, ranki ya daɗe. Baba kan ɗora shi a murhu tun safe. Ni ma sau nawa na ƙone a kansa."

Ta juya ga Temirkhan. "Kawu, kai me ka gani?"

"Shirme suke yi! Robar ce ba ta da kyau. Shekara ashirin ina zaune a kan kujerar nan ina kallon Sabit, ban taɓa ganin ya gasa komai ba. Zubawa kawai yake yi."

"Ashe haka ka yi kai ma."

"Ke, yarinya, iya bakinki!"

"Miƙo hannunka na dama, Kawu."

Ya tura shi aljihu. Da ya ga idanun kowa sun yi masa caa, ya fito da shi. Sabuwar ƙuna ce a yatsu biyu, irin ta narkakkiyar roba.

"Wanda ya zuba waɗannan ya san siffar aikin, bai san farkonsa ba," in ji Raushan. "Viktor da Dauren sun sani, da su ne da babu kumfa. Mutum ɗaya ne ya ga zubi sau dubu bai taɓa ganin gashi ba. Ina ƙarfen?"

Temirkhan ya sunkuyar da kai. "Yana ƙarƙashin kwalekwalena. Cewa ka yi Dauren zai gada, Sabit. Ni fa? Ko sau ɗaya ba ka ce in gwada ba."

Baba Sabit ya kama hannun surukinsa ya riƙe, kunya ta hana shi dubansa. Sannan ya kalli murhun.

"Ka san abin da ya sa ba ka taɓa ganin ƙarfen a wuta ba, Temirkhan? Da na ji takunka nake sauke shi, in ɗora maka ruwan shayi."