Abban da Ke Cikin Waya

"Ke kika ɓata min ita!"

Maman Kurciya ta saki kofin da take wankewa ta juyo, kumfa har gwiwar hannu.

"Ni? Ni na ɓata maka ita?"

"To wa? Yarinya ta ga ubanta ta ƙwalla ihu kamar ta ga ɓarawo!"

"Abban Kurciya, ka ji tsoron Allah..."

Ita kuwa wadda ake rigimar a kanta tana maƙale da zanen uwarta, tana leƙen baƙon da ido ɗaya, majina da hawaye sun haɗe mata.

Abban Kurciya direban katafila ne a kamfanin gina hanya. Aiki ya kai shi can nesa tun Kurciya ko wuya ba ta tsayar ba. Ba don son ransa ya tafi ba. Mahaifiyarsa Hajiya na kwance, ƙannensa na makaranta, kuma duk shi ake kallo.

Matarsa ta yi rantsuwa 'yarta ba za ta tashi ba ta san ubanta ba. Kullum da safe kafin ya hau mota sai ya kira ta bidiyo, ta jingina wayar da gwangwanin madara, ta zaunar da yarinyar a gaba.

"Ga Abba! Ce Abba!"

A cikin waya ya ga zamanta, ya ga rarrafenta, ya ga haƙorin farko da zazzaɓin da ya taho da shi. Ranar da ta saki kujera ta yi takun farko, wajen wayar ta nufa, ta faɗa kanta tana dariya. Kalmarta ta farko ma "Abba" ce, uwar har ta yi ta yi wa maƙwabta fariya. Baiwar Allah, ko sau ɗaya ba ta kawo a ranta cewa yarinyar ta ɗauka Abba wani ɗan abu ne mai faɗin tafin hannu ba.

Yau kuma ga wani dogon mutum, rana ta gasa shi, muryarsa ta cika ɗaki, wai shi ne Abba.

Bayan la'asar ya sami matarsa tana ninke kayan yarinyar.

"Gimbiya... yi haƙuri. Zafin zuciya ne."

"Ni ma ai zuciyar gare ni," ta ce, ba ta ɗago ba. "Goyo ni, asibiti ni, raino ni. Abu ɗaya na ce bari in yi maka, shi ne yau ya zama laifi."

"Na sani, hasken idona."

"Ba ka sani ba!"

Ya san gaskiya ta faɗa.

Babu dabarar da bai yi ba a 'yan kwanakin hutun nan. Ya aske gemu. Ya zauna a ƙasa don ya rage tsawo. Ya yi kukan akuya, ya yi na kyanwa, har uwar ta tuntsire da dariya ba ta shirya ba. Takalmin da ya yo mata tsaraba, mai ƙara in an taka, ko shiga bai yi ba, don a waya ya auna ƙafar da ido. Biskit kuwa sai ya miƙa wa uwa, uwa ta miƙa wa 'ya. In aka ce, "Kurciya, ina Abba?" sai ta tafi dagwai-dagwai ta ɗauko waya a kan gado.

"Ka ƙara ko mako ɗaya mana, masoyi. Za ta saba."

"In na ƙara, wani za su ɗora a kan motar. Hajiya fa?"

Kullum Hajiya! Ta haɗiye maganar, don ta san in ta fito ba za ta yi daɗi ba.

Da safen da zai koma, jakarsa na bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon Kurciya tana cusa wa 'yar tsana cokali a ido.

"Sau ɗaya kawai nake so in ji ta kira ni," ya ce. "Da kunnena."

Ya fita baranda, ya ja ƙofa, ya kira wayar matarsa ta bidiyo.

Wayar na ƙara Kurciya ta yar da 'yar tsana.

"Abba! Abbaaa!"

Ta manna baki a gilashin, ta nuna masa haƙora, ta nuna masa ciwon gwiwarta, tana zuba masa surutun da ko uwarta ba ta ganewa. Shi kuma yana amsawa, "Na'am... na'am, 'yar albarka."

Uwar ta dubi ƙofar. Katako ɗaya ne tsakaninsu! Ta tashi a hankali ta buɗe ƙofar.

"Kurciya, duba nan. Ga shi a waya, ga shi a ƙofa. Duk Abba ne, 'yar lele."

Yarinyar ta dubi mutumin da ke tsugune a baranda, idanunsa jajir. Ta dubi waya. Sai ta ƙanƙame ta a ƙirji, ta ja da baya har bayan kujera, ta kai bakinta daf da gilashin.

"Abba, zo... Abba, kore shi!"

Uwar ta sa hannu ta toshe nata bakin.

Ya daɗe a tsugune kafin ya ɗaga wayar daidai fuskarsa, ya ƙaƙaro murmushi.

"To, 'yar Abba, kar ki yi kuka. Na kore shi. Kin ga, yanzu zai tafi."

Ya miƙa hannu ta bakin ƙofa ya jawo jakarsa.