Kwamfutar Da Ba Ta Mayar Da Kwanon Aro

"Kai ne, Injiniya! Kai ka sumar da ita, ba tsintsiyata ba!"

Iya mai shara ce ta faɗo ofishin Likita, ko sallama babu. Kwana uku ke nan da dakatar da ita daga aiki, wai ita ke zungurar wayar kwamfutar ɗakin kati, shi ya sa take sumewa kullum. Wanda ya faɗi haka kuwa Injiniya ne, ƙanin matar Likita, shi ya rubuta manhajar da ke ɗaukar sunayen marasa lafiya.

Iya ko bihim ba ta sani ba, amma ba ta yi zaman gida ba. Benci ta samu a bakin ɗakin kati, ta kafa ido. Da mai kati ta fara.

"'Yar nan, shayi kike ba ta?"

"Haba Iya, ko ruwa ba na shiga da shi."

Mai gyaran wuta ma ya jijjiga wayar a gabanta, kwamfuta ko gezau. Sai Iya ta koma ƙirga masu shiga da tsakuwa. Su ta zazzage yanzu a kan teburin Likita.

"Shekaranjiya mutum ɗari da arba'in ta ɗauka, ta sume. Jiya ma haka, tsintsiyata tana gida. Yau an ɗauke wuta da hantsi, aka sake kunna ta, ga ta can garau har la'asar. Cika take yi, Likita!"

Likita ya dubi Injiniya. Injiniya ya hau sosa ƙeya.

"To... kowane suna sai ta ware masa wuri a ƙwaƙwalwarta. Na manta ban sa ta sakin wurin ba in ta gama."

"Wato aron kwano take ba ta mayarwa, har kwanuka su ƙare," in ji Iya. "Ina da maƙwabciya irinta."

Mai kati ta fashe da dariya daga bakin ƙofa.

"Kuskure ne, Iya," in ji Likita.

"Kuskure? Ran da manya suka zo duba asibiti, ina goge taga na ga Injiniya ya kashe ta ya kunna tun ba ta sume ba. Ya san ciwonta sarai, ya ɗora wa tsohuwa!"

Ta kwashe tsakuwarta ta ƙulle a gefen zane.

"Gobe zan ɗau tsintsiyata. Amma a gaban layin marasa lafiya aka ce ni na yi ɓarna, a gaban layi zai wanke ni. Tashi, Injiniya, mutane na jira!"