Ƙasar da Aka Shanya

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, aka kira Sufeto Abdulfattah zuwa wani ɗakin gwajin ƙasa a bayan garin Haɗeja. An ɓalle kwaɗo. Mai gadi, Baba Fannami, yana kwance a bakin ƙofa, kansa ya bugu da dakali. Kafin a kai asibiti ya cika.

Kula ɗaya kawai aka ɗauka, mai ƙanƙara a ciki.

Ummussalma, ɗalibar da ke da kular, tana kuka ta yi bayani. Ƙasa ce leda ashirin, ta ɗebo daga fadamar da ake haƙar kanwa a gefenta. Wai akwai ƙwayoyin halitta a ƙasa, ido ba ya ganinsu, su ke fitar da sinadarin da ke narkar da ruɓaɓɓen ganye ya zama abincin shinkafa. Tana zargin ruwan ramukan yana kashe su. In gwaji ya tabbatar, za a rufe haƙar.

Isa, shugaban mahaƙan, ya rantse bai san da wani gwaji ba. Da Sufeto ya matsa, sai ya ce mai gonar da aka ɗebo ƙasar a cikinta ne ya gaya masa, Malam Shu'ibu, baffan Ummussalma wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Shi kuwa Malam Shu'ibu ya ce yana masallaci a lokacin.

Ranar Lahadi aka tsinci kular a zauren ɗakin gwajin, kowace leda da lambarta. Ummussalma ta buɗe ɗaya, ta zauna a ƙasa.

"An shanya ta, har an tankaɗe. Yallaɓai, a sanyi ake ajiye ta, ɗanya. Yanzu ba abin da za ta nuna."

"Mai son ɓata shaida a kogi zai zubar," in ji Sufeto. "Wannan tausayinki ya ji."

A tsakar gidan Malam Shu'ibu suka ga rariya jingine da rumbu, farar ƙurar kanwa a jikinta. Sufeto ya ɗaga ta, ya nuna wa Malam Shu'ibu.

Tsohon ya kalli rariyar. Ya ce ɓoye kular ya so yi, don ramukan nan da su mutane ke ci tun da ambaliya ta cinye shinkafa. Fannami ya riƙe masa riga, shi kuwa ya ture shi.

"Ƙanƙarar ce ta narke, na ga ƙasar ta jiƙe. Na ce kada ta lalace wa yarinya. Haka muke yi wa iri."

Da za a saka shi a mota ya waiwayo wajen Ummussalma.

"Uwata, yanzu ba za ta yi ba?"

"Sai na sake ɗebowa, Baffa."

"A gonata?"

Ta ɗaga kai alamar e.

"To ki shiga ta gabas. Nan ta fi mutuwa."