Jarkar Hajiya Hadjo

"Ƙasa mai tsarki za ka? To, tsaya nan!"

Hajiya Hadjo ta shige ɗaki da saurin da ba a san tana da shi ba, ta fito da wata shuɗiyar jarka, ta dangwarar a gaban Barnaba.

Barnaba ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki, ikilisiyarsu ta garin Parakou kuma za ta tura shi ziyarar Urushalima da Kogin Urdun kafin a naɗa shi Fasto. Rahama yake so, ita ma Kirista ce kamar mahaifinta. Sai dai kakarta ta wajen uwa, wannan Hajiya ta garin Djougou, ita ta raine ta, kuma duk dangi ba mai sa ranar aure sai ta gyaɗa kai.

"Ni da na je Makka, zamzam na kawo wa mutane," in ji Hajiya. "Kai ma ka ciko min wannan da ruwan kogin naku. Ruwa a hannuna, Rahama a hannunka."

"An gama, Hajiya!"

Bawan Allah, bai taɓa ganin cikin jirgi ba. Ya yi addu'a a Baitalami, ya yi kuka a lambun Gatsemani, a Urdun kuwa ya naɗe wando ya cika jarka fal, abokan tafiya na ta dariya. Ranar dawowa ya rungume ta kamar jariri ya nufi ƙofar jirgi. Nan ma'aikata suka ce sam, ruwa ba ya wucewa. Ya yi Faransanci, ya yi magiya, har aya ya jawo musu. A gabansa aka tuttular da ruwan, aka miƙo masa jarkarsa.

Da zem, wato ɗan acaɓa, ya sauke shi a unguwarsu ta Kpébié, Rahama ta tarye shi da murna. Tana ɗaga jarkar ta ji ta sakayau.

"Sheri, ina ruwan?"

Ya ba ta labari. Ta ɗora hannu a ka, hawaye shar.

"Mon Dieu, mun shiga uku! Ba ka san Kaka ba!" Can ta share ido, ta kalli famfon tsakar gida. "Barnaba... ruwa ai ruwa ne. Cika jarkar nan kawai, wa zai sani?"

Gaskiya ya kalli famfon nan, ya daɗe yana kallo, don yana son Rahama kamar ransa.

"Ran Lahadi za a ɗora min hannu a gaban jama'a a naɗa ni Fasto," ya ce. "In na fara da ruwan famfo, da wane baki zan yi wa'azi?"

"To, ka auri wa'azin!"

Mota ɗaya suka shiga, ta juya masa ƙeya har suka isa Djougou.

Ya durƙusa a gaban Hajiya, ya tura jarkar. Ta girgiza ta kusa da kunne.

"Ɗan nan, iska ka kawo min?"

"Hajiya, na cika ta, a filin jirgi aka zubar. Ba ni da abin da zan ba ki sai wannan maganar."

Rahama ta fashe da kuka. Hajiya kuwa ta fashe da dariya, har haƙorin Makkanta na walƙiya.

"Yo ni da na hau jirgi, ban san ba a shiga da jarka a hannu ba? Tun ranar da na ba ka na san fanko za ta dawo! Da ka kawo ta cike, da ruwan cikinta zan yi maka wanka in kore ka." Ta juya ga jikarta. "Ke kuma mai idon kuka, na san shawarar da kika ba shi. Ni na raine ki."

Rahama ta rufe fuska da mayafi, kunya kamar ta nutse.

Ran Lahadi aka naɗa Barnaba, bayan kaka aka sha biki. 'Yan mata da samari, ku ji: wanda ya ƙi yin ƙarya don ya same ku, shi ne ba zai yi muku ƙarya ba in ya same ku. Jarkar kuwa tana gidan Fasto har yau, da ita Rahama ke ɗebo ruwan famfo.