Laktayi na Goma Sha Bakwai

Ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakin Abba ta lanƙwashe. Auta ba ta taɓa lura ba sai ranar da Umma ta sa ta sauke laktayin da ke rataye a jikinta. Guda goma sha bakwai ne, kowanne da ƙullinsa, kamar yanzu aka zare shi daga wuya.

Shekara talatin Abba ya yi yana akawu a gidan waya, amma bai taɓa iya ɗaura laktayi ba. Duk ranar da ya sayo sabo, Umma ce ke ɗaura masa. Daga nan sai dai ya sassauta ya zare ta ka, da safe ya zura ya ja. Yau wata takwas da rasuwarsa.

Umma ta ce a kai wa Tela ya haɗa su ya yi rigar matashi, a ɗora a kujerar Abba ta falo, wadda ba wanda ya sake zama a kanta. Da ta ambaci Tela, ba ta kalli Auta ba.

Tela shi ne mai shago a ƙarshen layi. Shi ya ɗinka wa Auta kayan da ta sa ranar da ta gama jami'a, kuma shi ne ya turo neman aurenta wajen Abba. Abba ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani, ciwo bai ba shi lokacin ba. Tun daga nan maganar ta koma hannun Umma, ita kuwa ko uffan. Yaya, wan Auta, shi ke magana, kuma maganarsa ɗaya ce: mai digiri ba ta ƙarewa a gindin keken ɗinki. Auta ta riga ta gaya wa Tela, in Umma ba ta amince ba, sai dai haƙuri.

"Malama, yau da kanki?" in ji Tela da ta shiga shagon, yana cire allura daga baki.

"Aiko ni aka yi."

"Umma ta ce wani abu?"

"Ta ce kar ka ɓata su."

"A kaina fa?"

"Iyakar abin da ta ce ke nan..."

"To, hasken idona, wannan ma ai magana ce."

Ta zauna a benci tana kallon hannunsa, don kallon fuskarsa yana mata nauyi. Ya nuna mata yadda zare ɗaya tak ya riƙe bayan laktayi tun daga sama har ƙasa. In ka sa reza ka tsinke shi, sai ya buɗe kamar ganye, ka zare shafin ciki, ka shimfiɗa ƙyalle a kai ka goge. Ya ce ba a wanke siliki tsoho, kuma ko ana wankewa shi ba zai kore ƙanshin turaren mutum ba.

Ya dinga kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan wani ruwan ƙasa sai ya tsaya, ya juya shi, ya sake juyawa, ya jefa a aljihun tebur. Ta gani, ba ta tambaya ba.

Bayan kwana goma ya kawo aikin da la'asar. Ya tarar da Yaya a gida. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe da Umma, ya miƙa matashin. Yankunan sun bazu daga tsakiya kamar mahuci: shuɗi mai ɗigo, ja mai ratsi, baƙin da Abba ke sawa ranar taro. Wuri ɗaya ne aka cike da farin yadi.

Yaya ya bi su da yatsa yana ƙirgawa.

"Sha shida. Ina ɗayan? Ko har an cire rabon tela?"

Auta ta ƙura wa tabarma ido.

Tela ya ciro laktayin ruwan ƙasan daga cikin takarda, yana nan da ƙullinsa. Ya ce sauran duka hannu ɗaya ya ɗaura su, ɗauri mai tsabta, ko ido rufe zai gane. Wannan kuwa an zagaya sau biyu inda ake zagayawa sau ɗaya, jelar ta fi gaban tsawo, an kuma ja shi da ƙarfi kamar ana ɗaure buhu.

"Wanda ya ɗaura bai iya ba, kuma sauri yake yi. Na ga in na kwance, ba mai iya mayar da shi. Amma in Umma ta ce a sa, gobe zan sa."

Yaya ya karɓa ya daɗe yana dubawa.

"Ranar da aka haifi Auta ne," ya ce, muryarsa ta sauka. "Umma na asibiti. Abba ya ce ba zai je ganin baƙuwa da tsohon laktayi ba... Ni na riƙe masa madubi." Ya yi 'yar dariya, ta maƙale a hanya. "Har mai gadin asibiti sai da ya yi masa dariya."

Auta ta ɗago. Shekara ashirin da huɗu abin nan yana rataye a gidansu, ba ta san nata ba ne.

Umma ta miƙe. Ta ɗauki matashin ta ɗora a kujerar Abba, ta shafe shi da tafin hannu. Sannan ta ja kujerar kaɗan, ta juyo da ita tana fuskantar inda Tela ke durƙushe, ta matsa gefe.

Tela ya kalli kujerar, ya kalli Auta, bai motsa ba.

"Tashi ka zauna mana," in ji Yaya, yana kallon taga. "Ko sai an ɗauke ka?"

Umma ta zare laktayin daga hannun Yaya, ta shige ɗakin Abba, ta ja ƙofa a hankali.